Tabon Mai a Bangon Hajiya Kubura

Idan ka shiga Ƙofar Sauri kana tambayar Malam Gwadabe, za a ce maka wanne daga ciki. Amma idan ka ce Gwadabe Mai Kumfa, ko baƙon jiya zai nuna maka rumfarsa. Ubana ne. Ni ce Lailatu, autarsa, goyon kaka, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina yakan riga hankalina fita. Na faɗi wannan tun da wuri, domin akwai laifina a cikin labarin nan.

Sana'ar Baba gyaran esi, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. A cikin gyaran ma akwai abin da ya fi ƙauna, wato neman inda gas yake zurarewa. Shi esi yana sanyi ne da wani gas mai zagayawa cikin siririn fayif na jan ƙarfe, tsakanin kan da ke manne a bangon ɗaki da injin da ke waje. Idan fayif ya samu huji, ko bai kai tsinin allura ba, sai gas ya dinga sulalewa, ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Wata rana kawai a ji esi yana ta gurnani yana hura iska mai ɗumi.

Ba da esi ya fara ba. Da faci ya fara, yana ɗan shekara goma sha biyu, a gindin wata darbejiya da yanzu an sare ta an yi shagon waya. Aikinsa ya hura tib ɗin keke, ya danna shi cikin bahon ruwa, ya jira ya ga inda kumfa za ta taso. Ubangidansa ya sha dungure masa kai, wai ana faci ne don a sallami mai keke, ba don a zauna ana kallon ruwa ba. Bai daddara ba. Daga faci ya koma gyaran firji, daga firji ya koma esi, kuma duk inda ya je da kallon nan nasa ya tafi.

Kayan aikinsa na neman huji ba su cika aljihu ba: tsohon gwangwanin madara, gashin kaza guda ɗaya, da ɗan dunƙulen sabulun salo. Zai kaɗa sabulun da ruwa kaɗan har ya yi kauri, ya tsoma gashin kazar, ya shafa a kowace gaɓa ta fayif, sannan ya zauna. Samarin masu gyara na yanzu suna da wata 'yar na'ura mai kuka idan ta shinshino gas. Baba bai taɓa kushe ta ba, cewa kawai yake ita kuka ta iya, ba ta iya nunawa ba. Shi yana so ya ga kumfar da idonsa, yadda take ɓullowa kamar ƙwayar gero, ta kumbura a hankali, ta yi launuka, ta fashe, wata ta biyo bayanta. Ya taɓa gaya mini cewa a cikin kowace kumfa ana ganin tsakar gidan gaba ɗaya, da itatuwa, da igiyar shanya, da sararin sama, da fuskarsa 'yar mitsitsiya a gefe. Ya ce rabin gidajen Katsina a cikin kumfa ya san su, domin a gidan mutane ba ya ɗaga kai.

Yana da doka guda, wadda ta hana shi arziki kuma ta ba shi suna. Ba ya zuba sabon gas sai ya ga hujin. Masu gida su yi ta roƙo, «Malam, cika mani kawai, zafi zai kashe mu,» shi kuwa ya ce a'a, gas ɗin da ya fita jiya, ta ƙofar da ya bi na yau ma zai bi.

Kumfar nan ce ta ba shi mata. Kakata ta wajen uwa, Hajiya Kubura, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo daga cikin gida a wancan zamanin, firjinta yana soro. Da ya daina sanyi aka kira Gwadabe, saurayi mai shiru-shiru. Ya nemi sabulu, sai aka aiko 'yar farin gidan, Rakiya, wato Umma, da sabulun salon da ita da kanta ta dafa. Umma ta sha ba mu labari tana dariya, wai tun hantsin ranar farko ya ga hujin, amma sai da ya yi kwana uku yana nemansa, kullum yana cewa a ƙaro sabulu. Daga ranar bai sake aiki da sabulun kowa ba.

Ita kuwa mai firjin bai gan ta ba. Kafin aure tana cikin gida, bayan aure ta zama suruka. Mutanen yanzu ba za su gane irin kunyar da ke tsakanin waɗannan biyun ba. Shekara talatin da huɗu, duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baba zai je gaisuwa. Zai tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, idonsa a kan tabarma.

«Barka da Juma'a, Hajiya. An wuni lahiya? Ina gajiya? Ya ƙarhin jiki? Ya zahi? Ya mutanen gida?»

Ita kuma daga bayan labule tana amsawa, «Lahiya lau. Madalla. Da godiya. Allah shi yi albarka.» Iyakar abin ke nan. Idan akwai magana, sai a nemo na uku. Ta ce da ni, «Hwaɗa ma ubanki ga tuwo nan,» ga shi kuwa a durƙushe, taku biyu tsakaninsu, ni kuma in juya in faɗa masa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Sunan Umma ma ba ta taɓa kira ba, saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce «waccan». Baba ya san muryar Hajiya, ya san silifas ɗinta, ya san lallen ƙafarta. Na taɓa tsokanarsa cewa da za su haɗu a kasuwa sai ya taya ta tumatir bai gane ta ba.

Shekara biyu da suka wuce Umma ta rasu, bayan jinyar kwana tara. Baba ya koma rumfarsa ya ƙara shiru a kan shirunsa. Ta bar masa dunƙulen sabulu guda, yana tsakurarsa da farce kamar mai tsakurar turare. Hajiya kuwa ba wanda ya ga hawayenta. Ta karɓi gaisuwa da carbi a hannu, tana cewa sai haƙuri, kamar 'yar maƙwabta ce ta mutu. Gaskiya na ji haushinta a lokacin, kuma na daɗe ina jin haushin.

Bana da bazara ta kama, zuciyar Hajiya ta fara ba ta wahala. Likita ya ce zafi ne babban abokin gabarta, lallai a sa ta inda yake da sanyi. Ɗanta, Kawu Maitama, wanda ke zaune a GRA, ya kawo wasu ma'aikata daga wani gari suka kafa mata sola da esi. Baba bai yi aikin ba, ina shi ina tsayuwa a ɗakin suruka yana fasa bango. Ɗakin tsohon ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa ya fi kamu biyu. Mutanen suka sassaƙa hanya a jikin bangon, suka binne fayif ɗin a ciki, ya gangaro ta gefen gado ya fita tsakar gida, suka shafe da ƙasa suka yi fenti. Ya yi kyau ƙwarai. Bayan sati uku esi ya fara hura ɗumi. Suka dawo suka cika gas, bayan sati uku ya sake. Suka cika na biyu, haka dai.

Kawu ya ce shi ya gaji. Ga ɗaki a gidansa, ga sanyi dare da rana, Hajiya ta tattara ta koma can. Ita kuma ta ce a wannan ɗakin aka kawo ta tana amarya, a nan ta haihu tara, ta nan aka fitar da mijinta, kuma ta nan za a fitar da ita. Kawu ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma yana da gaskiyarsa. Ya ce ya ba da mako guda. Idan Juma'a ta zo ɗakin bai yi sanyi ba, ko tana so ko ba ta so zai sa ta a mota.

Ni na je na ɗauko Baba ranar Litinin. Aka fito da Hajiya aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar lemon tsakar gida, ta ja mayafi ta juya mana baya. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin da ya shekara talatin da huɗu yana durƙusawa a bakinsa. Ya yi sallama, alhali ya san ba kowa a ciki, sannan ya shiga a ɗarare kamar wanda ya shiga masallacin da ba na unguwarsu ba.

Yana kafa tsani idonsa ya faɗa kan wani tabo a bango, daidai saman matashin gadon. Faɗinsa bai fi tafin hannu ba, ya yi duhu, yana ɗan maiƙo. Ya nuna shi da haɓa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, «Lailatu, wancan hwa?»

To, a daidai nan Hajiya take jingina kanta kullum idan ta zauna a gado, ta ce wurin ya fi ko'ina sanyi. Kowa a gidan ya san tabon, kowa ya ɗauka man kitso ne ya ratsa ɗankwali. Da na faɗa masa haka cikin ladabi, wataƙila da ya matsa ya duba. Amma sai bakin nan nawa ya tashi. Na ɗaga murya yadda tsohuwar za ta ji daga waje, na ce, «Man kan surukarka ne, Baba. Ko shi ma za ka shahwa mashi kumhwa?»

Ban taɓa ganin kunya ta kama mutum haka ba. Zufa ta karyo masa, ya kusa zamewa daga tsanin. Ya juya wa gadon baya, kuma har kwana huɗu bai sake kallon wannan ɓangaren ɗakin ba. Ni kuwa ina ta dariya, ina ganin na yi abin kirki.

Kwanakin nan huɗu ina tuna su kamar mafarkin rana. Gari ya yi tsit saboda zafi, ko kaji sun buɗe baki sun lafe a gindin randa. Hajiya tana kwance a inuwar lemo ina yi mata fifita, numfashinta yana fita guntu-guntu. Baba yana can gefe gaban injin waje, yana bin gaɓoɓin fayif da gashin kazarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa, ya zauna, ya zuba ido. Kumfa ta kwanta lamo, ta bushe, ba ta motsa ba. Wani lokaci sai in ga kamar barci yake da ido buɗe, leɓensa yana motsi, ban sani ba ko tasbihi yake ko da Umma yake magana.

Ranar Talata ya rufe bakunan injin waje, ya matsa iska a sauran, ya ɗaura geji, agogon nan mai nuna ƙarfin abin da ke cikin fayif. Allurar ta ci gaba da sauka a hankali, wato ɓarnar ba a injin take ba. Ranar Laraba ya sauko da kan esin daga bango, ya kwance shi, ya toshe bakinsa, ya matsa masa iska, ya nutsa shi cikin babban baho kamar tib ɗin keke na zamanin yarintarsa. Ya tsuguna a kan ruwan tun azahar har la'asar. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta taso ba. Saura fayif ɗin da ke binne a bango, kamu goma sha wani abu. An kira magini, ya ƙwanƙwasa bangon ya ce ya haura shekara ɗari, kuma azarar rufi a kansa take. Ba zai ɗauki a tone shi daga sama har ƙasa ba, ba kuma zai ɗauki sabon huji ba. Idan an san wurin, a tona daidai wurin, iyakarsa ke nan.

Ranar Alhamis na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba ya mayar da kan esin bango, ya ɗauko tukunyar gas ya cika shi ba tare da ya ga hujin ba, don dai Hajiya ta samu ta kwana a ɗakinta cikin sanyi. Dunƙulen sabulun Umma ya koma kamar ƙwallon dabino.

Juma'a ana saukowa masallaci motar Kawu ta tsaya a bakin lungu. Hajiya tana ɗaki a kan gadonta, ta jingina kai a wurin da ta saba, an ɗaure kayanta a zani biyu an ajiye a ƙofa. Ɗakin da sanyi, amma Baba ba mai ɓoye gaskiya ba ne. Ya durƙusa a inda yake durƙusawa, ya yi gaisuwarsa ta Juma'a har ƙarshe, sannan ya juya wajen Kawu.

«Alhaji, ban gane wurin ba. Sanyin nan na aro ne, sati ukku zai tahi. Ban iya ce maka na gyara.»

Kawu ya ce, «Malam Gwadabe, kai da duk garin nan ake kira? Babu wata alama ko kaɗan?»

«Alama guda ce, Alhaji. Gas ɗin tare da ɗan mai na inji yake yawo. Inda duk ya hita, yakan bar maiƙo. Da bangon ya nuna mani maiƙo, da na san inda zan tona. To ban ga ko ɗaya ba, sai...» Ya katse maganar, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

Kawu ya sunkuya zai ɗauki ƙullin kaya. Sai muka ji muryar Hajiya daga cikin ɗaki, siririya, amma ba ta rawa.

«Lailatu.»

«Na'am, tsohuwa.»

«Hwaɗa ma ubanki, kaina bai ga mai ba shekara biyu. Waccan ce ke yi mani kitso. Tun da ta tahi ban bari kowa ya taɓa shi ba.»

Ban isar da saƙon ba, na kasa. Tun ranar Litinin ta ji shashancin da na yi, ta san ba haka ba ne, amma gyara mini magana yana nufin ta ambaci 'yar farinta a gaban surukinta, ta kuma tona abin da ta shekara biyu tana rufewa da ɗankwali. Ni da nake zuwa gidan duk mako, ina tsokanarta, ina cin tuwonta, ina riƙe da haushin ba ta yi kuka ba, ban taɓa cewa bari in ga kan tsohuwar nan ba. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse.

Sai ta ɗaga labulen da sandarta, ta ce, «Shigo, Gwadabe. Zo in gwada maka inda sanyin yake.»

Sunansa ta kira. Baba ya shiga da rarrafe, gwangwaninsa a hannu. Ba ta da ƙarfin sauka daga gadon da sauri, sai ta gusa kaɗan ta ɗora tafin hannunta a kan tabon. Ba yadda za a yi ya ga inda take nunawa idonsa yana ƙasa. Ya ɗaga kai. Ina tsaye a ƙofa, na ga lokacin da idonsa ya wuce hannun ya sauka a fuskarta, ya tsaya a nan. Bai fi numfashi uku ba, amma ni na ga kamar ɗakin duka ya tsaya cak. Ita ma ba ta kau da kai ba.

Muka ɗauke ta muka kai inuwar lemo, aka janye gadon. Baba ya kankare fentin da bakin wuƙa, ya tone ƙasar a hankali kamar mai tonon gyaɗa. Ƙasar ta jiƙe da mai. Ashe fayif ɗin ne bai kai ba, ma'aikatan suka haɗa shi da wani guntu a nan, suka binne gaɓar. Ya kaɗa ɗan abin da ya rage na sabulun Umma, duka, ya shafa. Muka zuba ido, har Kawu. Can sai ga ta ta ɓullo, 'yar ƙarama, ta kumbura, ta yi ja da kore, tagar ɗakin da hasken tsakar gida suna juyawa a cikinta. Ta fashe, wata ta taso.

Kafin la'asar sakaliya ya zare gas ɗin, ya yi wa gaɓar walda, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya sake cikawa. Allurar geji ta tsaya inda ya bar ta. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya kwance ƙullin kayan da hannunsa, ya shiga motarsa ya koma GRA shi kaɗai.

Ni kuwa na aika aka sayo man shanu. Na zaunar da tsohuwar a gabana, na cire ɗankwalin. Kitson Umma ne a kanta har yanzu, ko in ce abin da ya rage daga cikinsa, ya cukurkuɗe ya yi fari fat. Na fara tsefewa a hankali ina kuka, ita kuma tana cewa in bar jiƙa mata wuya.

Da na fito zubar da ruwa na tarar da Baba zaune a soro, daidai inda firjin nan yake a da. Gwangwanin yana gabansa, ba komai a ciki sai 'yar kumfar da ta manne a gindi. Na durƙusa na ce ya yafe mini maganar da na yi ranar Litinin. Kamar bai ji ba. Idonsa yana kan gwangwanin, fuskarsa a sake, irin yadda take idan ya ga abin da ya daɗe yana nema.

Ya ce, «Lailatu, ashe haka Rakiya za ta zama da ta tsuhwa.»